Wa Zai Biya Malam? Tarihin Rikicin Kuɗin Firamare a Ƙasar Gusau

Gabatarwa

Duk shekara idan aka kawo mana sababbin yara 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, abin da nake fara yi shi ne in rubuta jimla ɗaya ta Hausa a kan allo, in ce kowa ya tashi ya karanta. Waɗanda ke kai ƙarshen jimlar ba tare da in-ina ba ba su cika yawa ba, alhali kuwa kowanensu ya shekara shida a firamare. Idan muka koma ɗakin malamai sai mu ɗora laifin a kan malaman firamare. Su kuma in ka zauna da su, sai su ce maka ciyaman ne. Ciyaman ya ce gwamna ne ya riƙe kuɗin, gwamna kuwa ya nuna Abuja da yatsa.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Wannan jifa da laifi da ake yi tana da tarihi, kuma tarihin ya girmi yawancinmu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun kuɗin makarantar firamare a ƙasarmu ta Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tun daga zamanin En'e har zuwa yau, domin mai karatu ya ga hannuwan da kuɗin suka bi, da kuma yadda siyasa ta riƙa sauya musu hanya.

Zamanin En'e: Haraji Ya Tafi Sakkwato

Kafin zuwan Turawa ƙasar nan ba baƙuwar ilmi ba ce. 'Yandoto da ke kusa da Tsafe ta yi suna wajen malamai tun kafin jihadi. A wancan tsari kuwa babu wata gardama a kan wanda zai riƙe malami, domin iyayen yara ne ke riƙe shi da kuɗin Laraba da sadakar sauka da damin hatsi in kaka ta yi. Mai biya da mai amfana mutum ɗaya ne, kuma kullum yana ganin abin da ya biya dominsa.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai aka zo da wani tsari dabam. An buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, sannu a hankali makarantun elemantare suka bazu a gundumomi, ana tafiyar da su daga baitulmalin En'e. Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Manomin Rawayya yakan biya haraji ga mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika Sakkwato. Bafulatani kuma ya biya jangali. A can ne ake raba kuɗin, kashi ga gwamnatin Turawa, kashi ga baitulmali, kuma daga kason baitulmali ake biyan sarki da hakimai da alƙalai da 'yan doka da gandirebobi, sa'annan a waiwayi makaranta.

Abin lura a nan shi ne, talaka ne ke biya, amma ba shi da bakin tambaya. Ba a shawarce shi a kan inda za a gina makaranta ba, kuma sau da yawa ma ba ya son ta. Akan aiko wa hakimi cewa ya kawo yara kaza, shi kuma ya raba wa dagatai, su kuwa su ɓoye nasu 'ya'yan su kama na barori da na marasa galihu. Wannan ya sa mutane suka ɗauki makarantar boko a matsayin kayan hukuma, kamar gidan yari ko ofishin haraji, wato abin da ba ruwansu da lalacewarsa.

Ko a wancan zamani kuɗin hukuma makamin siyasa ne, kuma a Gusau aka ga babban misali. Ahmadu Bello, wanda ya fara aiki a matsayin malamin Midil ta Sakkwato, an naɗa shi Sardauna a 1938 aka turo shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. A 1943 aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Marubuta tarihi da dama sun danganta shari'ar da tsamin da ya biyo bayan neman sarautar Sarkin Musulmi ta 1938. Haka kuma a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, wadda ke maƙwabtaka da Bunguɗu, Malam Aminu Kano ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa kafin ya ajiye alli a 1950 ya shiga siyasa gadan-gadan, a shekarar da aka kafa NEPU. Shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Daga nan malamin En'e ya shiga tsaka mai wuya, domin wanda ke biyansa albashi yana tare da NPC, kuma duk malamin da aka ji ƙanshin NEPU a jikinsa yana iya wayar gari da takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa.

Daga 'Yancin Kai Zuwa UPE

Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta a 1955, Jihar Gabas ta biyo baya a 1957. Gwamnatin Arewa ba ta bi wannan hanya ba, saboda ƙarancin malamai da na kuɗi. Abin da ta yi a farkon shekarun 1960 shi ne kafa hukumomin ilmi na yankuna, inda gwamnati ke ba da tallafi, En'e ta cika sauran. Da aka ga tazarar da ke tsakanin lardin Sakkwato da sauran wurare ta yi yawa, sai bayan juyin mulkin 1966 aka kafa asusun raya ilmi na lardin, jama'a suka yi karo-karo aka gina makarantu. Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne, yana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. Ya kamata a riƙa tuna wannan asusu, domin yana cikin lokuta ƙalilan da mutanen ƙasar nan suka sa hannu a aljihu da kansu saboda makarantar boko.

A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 kuma Jihar Sakkwato. A wannan shekara ta 1976 abubuwa biyu suka faru waɗanda har yau muna cikin tasirinsu. Na farko, an rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, masu samun kaso daga asusun tarayya. Na biyu, a watan Satumba gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyinsa da kuɗin man fetur.

An yi lissafin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. Aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa, 'yan kwangila suka samu kasuwa, aka ɗebo waɗanda ba su daɗe da barin firamare ba aka yi musu gajeren horo aka miƙa musu alli. Ƙauyuka da yawa na ƙasar nan a lokacin suka fara ganin ginin makaranta, kuma wannan alheri ne da ba za a musa ba. Sai dai an gina shirin a kan farashin mai, shi kuwa farashin mai ba a Nijeriya ake yanka shi ba.

Jamhuriya Ta Biyu: Kowa Ya Zame Kafaɗa

Tsarin mulkin 1979 ya sa kula da firamare cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta yi tarayya da jiha a kansu, amma bai fayyace wa zai biya nawa ba. A wannan ɗan gurbi ne rikicin ya samu wurin zama, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga biyan kuɗin firamare kai tsaye, bisa hujjar cewa sabuwar dokar rabon arziki ta ware wa ƙananan hukumomi kashi 10 cikin 100. Kuɗin kuwa ta hannun gwamnatocin jihohi suke bi, kuma gwamnoni ne ke naɗa kantomomin da ke riƙe da ƙananan hukumomin.

A daidai wannan lokaci gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, abin ya zama abin yayi a siyasar Arewa. Babu mai musun zaluncin da aka sha a wajen karɓar haraji, kuma talakawa sun yi murna da gaskiyarsu. Amma soke shi ya bar ƙananan hukumomi ba su da wata hanyar samun kuɗi ta kirki sai jiran kason wata-wata. Da farashin mai ya faɗi daga 1981, har gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, sai malaman firamare a jihohi da yawa suka yi watanni babu albashi. A Jihar Sakkwato wannan zamani ya zo daidai da mulkin Shehu Kangiwa, wanda ya rasu a 1981, da na Dokta Garba Nadama da ya gaje shi. Sojoji sun karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983, jihohi da dama kuma suka dawo da kuɗin makaranta da harajin raya ƙasa, yara masu yawa suka koma gida.

Hukumar Kaduna da Shekarar 1991

A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa da dokar soja mai lamba 31, hedikwatarta a Kaduna. Gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 65 cikin 100 na albashin malamai, jihohi da ƙananan hukumomi suka raba sauran. Tsofaffin malamai har yau suna tuna waɗannan 'yan shekaru da alheri, saboda albashi ya riƙa zuwa a kan kari.

Daɗin bai daɗe ba. A watan Disamba na 1990 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi tsakanin SDP da NRC, a farkon 1991 kuma aka rushe hukumar, aka miƙa firamare kacokan ga sababbin ciyamomi. An ƙara musu kaso zuwa kashi 15, daga baya 20 cikin 100, da nufin ya ishe su. Amma ka duba halin da ciyaman ke ciki. Ga kansiloli, ga 'yan jam'iyya da suka yi masa wahala suna jiran sakamako, ga rijiya da kwalbati da rumfar kasuwa waɗanda in ya gina kowa zai gani. Albashin malamai kuwa shi ne ke cinye mafi yawan kason, kuma ba a yanka kintinkiri a kansa. Saboda haka shi ake jinkirtawa.

A waɗannan shekaru ina ajin ƙarshe-ƙarshe na wata firamare ta ƙauye. Na tuna malaminmu na lissafi, mutum mai son aikinsa, yana zuwa da safe ya rubuta mana aiki a allo, ya naɗa babban cikinmu ya tsare aji, shi kuma ya hau keke ya nufi gona. Ranar kasuwa ba ma sa ran ganinsa. Mun ɗauka lalaci ne. Sai da na fara karɓar albashi da kaina na gane cewa mai iyali ba ya cin alli. Iska ta kware rufin ajinmu da farkon damina, muka ƙare shekarar a gindin bishiya, kuma ban taɓa jin wani uba ya je ya tambayi inda kuɗin gyara suka shiga ba.

Yajin aiki ya bazu a jihohi, har aka dawo da hukumar a 1993 da dokar soja mai lamba 96. A sabon tsarin, tun daga tushe ake cire albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi. Malamai suka samu sauƙi, ciyamomi kuma suka shiga kuka, domin waɗansu in an cire albashin babu abin da ke rage musu. Daga nan wata dabarar ta ƙara ƙarfi. Tun da kuɗin malamai ne kaɗai ke da tabbas, sai takardar albashin malamai ta zama wurin saka wa 'yan siyasa, aka cika ta da waɗanda ba su iya koyarwa ba da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba.

Jihar Zamfara

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Zamfara mai ƙananan hukumomi 14, Gusau ta zama babban birni. Mun yi murna, muna cewa nesa ta zo kusa, takardar da a da sai ta je Sakkwato yanzu a Gusau za a sa mata hannu. Ranar 30 ga Satumba 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa kuma ta fito a 2004. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilmin matakin farko, da sharaɗin sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓa. Jihohi da yawa sukan bar kuɗin su yi shekaru a Abuja don sun kasa ajiye nasu kason. Ban da wannan, kuɗin na gini ne da kayan aiki da horarwa, ba na albashi ba.

Albashi yana nan a wuyan ƙananan hukumomi. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 da ya hana gwamnatin tarayya cire kuɗi daga tushe, sai aikin ya koma hannun jihohi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Wato kuɗin na ƙaramar hukuma ne a takarda, gwamna ne ke riƙe da mabuɗi, hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha ce ke biya. In albashi ya makara, kowane ɗayansu yana da wanda zai nuna.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A 2018 ma'aikatar ilmi ta tarayya ta bayyana cewa yara 28 kacal suka yi rajistar jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya daga Zamfara baki ɗaya. Bashin kuɗin jarrabawar WAEC da NECO ya taru a kan jihar shekara da shekaru, har aka riƙe sakamakon ɗalibai, waɗanda suka gama sakandare suka zauna gida ba takarda. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 bai fara aiki a jihar ba sai 2024. A kan wannan rauni kuma sai ga matsalar tsaro. An sace 'yan mata 279 a Jangebe a watan Fabrairu na 2021, aka sake kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun a watan Satumba, aka rufe makarantun jihar. A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, gwamnatinsa kuma ta biya basussukan jarrabawa aka saki sakamakon da aka riƙe.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Mutane da yawa sun yi farin ciki, amma ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana roƙon kada a mayar da albashinsu hannun ciyamomi, saboda ba ta manta 1991 ba. Tsoron nata yana da dalili, don a 2025 malaman firamare na Abuja sun fi wata uku suna yajin aiki a kan albashin da ƙananan hukumomin birnin suka kasa biya.

Kammalawa

Idan mai karatu ya duba wannan tarihi zai ga cewa tun daga 1976 an ɗauke nauyin firamare daga wannan hannu zuwa wancan aƙalla sau biyar, kuma kowane lokaci rikicin a kan wanda zai riƙe kuɗin ne. A zamanin En'e uban yaro yana biya amma ba shi da ikon tambaya. A zamanin man fetur yana da ikon tambaya, amma da yake bai ga kuɗin sun fita daga aljihunsa ba, sai ya ɗauka kyauta ce, kyauta kuwa ba a ƙorafi a kanta. Ina ganin wannan ne tushen ciwon, kuma ko wane hannu aka ba kuɗin, muddin mutanen gari ba su san nawa ne ba, labarin ba zai sauya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai kwamitin kula da makaranta da aka ce kowace firamare ta kafa, mai ɗauke da iyaye da mai unguwa da hedimasta. Kason kowace ƙaramar hukuma kuma ana buga shi duk wata, mai waya a hannu yana iya gani. Abin da ya rage shi ne a samu masu tambaya.

A nan ne nake kira ga 'yan uwana marubuta, musamman masu tasowa. Mun rubuta soyayya da kishi da zaman aure, kuma ba laifi ba ne. Amma yaron da bai iya karanta jimla ɗaya ba ba zai sayi littafin kowa ba, saboda haka makomar rubutunmu tana cikin ajin firamare. Malaman da suka fara aiki da UPE a 1976 sun tsufa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A ofisoshin hedimastoci akwai tsofaffin rajistoci da littattafan baƙi da gara ke ci. Kowane ɗayanmu ya je firamaren garinsu ya tambayi shekarar da aka gina ta, wa ya ba da fili, wa ya fara koyarwa, yaushe aka yi mata gyaran ƙarshe, nawa aka ce an kashe. Ya rubuta abin da ya samu da gaskiya, ba tare da cin mutuncin kowa ba, ya aiko wa wannan mujalla. Ni dai na ɗauki alkawarin fara wa da tamu ta Rawayya. Allah Ya sa mu dace.